Hajo da Likkafanin da Aka Ɗinka Kaftani

Duk macen da ta rasu a layinmu na Tudun Wada tun ina da haƙorana cif, hannun Hajo ne na ƙarshe da ya taɓa jikinta. Ita ce mai wankan gawa. Ba gadon aikin ta yi ba, ba kuma wani ne ya ɗora ta a kai ba. Shekarar da amai da gudawa ya shigo unguwa ne mata suka riƙa noƙewa, kowace sai a lokacin ta tuna ta bar tuwo a kan wuta, ita kuwa Hajo ta ɗaure zane a ƙirji ta shiga ɗakin. Daga ranar aka sakar mata aikin. Ba ta karɓar ko ɓarin goro a kansa, ba ta kuma taɓa fitowa ta faɗi abin da ta gani a jikin wata ba. Ni ce mai zuba mata ruwa.

'Yar Gyallesu ce. Aure ya kawo ta nan gidan Alhaji Kailani mai sayar da yadi a kasuwa, mutum mai sanyin murya wanda ko kaza ba ya kora da ƙarfi. Ta haihu sau biyu, duka suka koma tun suna goye. Ba ta zauna tagumi ba, ta kama ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, har yau in ka wuce ƙofar gidanta da hantsi ƙamshin suya zai raka ka bakin titi. Ba ta da yawan magana, mutane kuma suna ɗaukar shirun nan nata haƙuri ne. Ni na san ta. Hajo ba ta mantuwa, ajiya take yi.

Alhaji Kailani sau ɗaya ya je Makka. Sauran alhazai suka dawo da haƙorin Makka da agogo, shi ya dawo da bandir ɗin farin yadi. Da yake sana'arsa ce, bai ɗauko alawayyo irin wanda ake yi wa kowa sutura da shi ba. Ya zaɓo auduga mai laushi, mai nauyi a hannu, da wani siririn zare shuɗi a gefenta. Can ya tsoma shi a ruwan Zamzam ya shanya, kamar yadda alhazan da suke yi, da ya dawo ya raba biyu ya ce rabi nasa rabi nata. Nasa ya tafi da shi shekarun baya. Nata yana ƙasan akwatin ƙarfe cikin kafur, kowace shekara in damina ta ɗauke sai ta fito da shi ya sha iska, ta sake ninke shi a kan ninkin da. Wata rana tana ninkewa ta ce mini, "Atika, ban je Makka ba, ban bar ɗa ba. Wannan kaɗai ne abin da ni da Alhaji muka haɗa."

Sharfaddeen ɗan ƙanen Alhaji Kailani ne. Dillalin filaye ne, can wajen Hanwa yake harkarsa, amma gidansa nan bayan masallacinmu. Sahun farko ne shi, dama da liman, carbi har gwiwa, in ya wuce kuwa turarensa sai ya sa ka atishawa. Tuwon Hajo ya ci har ya tsayar da gemu, ita ta wanke gawar uwarsa.

Daminar da ta wuce bangon ɗakin Hajo ya zube. Sharfaddeen ya zo da a-kori-kura, yana ba da umarni da ƙarfi don maƙwabta su ji, ya kwashe kayanta ya kai gidansa kafin a gyara. Unguwa ta yi ta sa masa albarka. Da aka gama gini aka dawo da kaya, Hajo ta buɗe akwati ta tarar da kafur yana nan, yadi babu.

Ta yafa mayafi ta same shi a majalisarsu ta bakin titi, inda suke zama a kan benci bayan la'asar. Ina tare da ita. Ta gaishe da mazan, sannan ta rage murya.

"Sharfaddeen, akwai farin yadi a ƙasan akwatin nan, ban gan shi ba."

Babbar mace ba ta tsayawa a titi gaban maza ta ce likkafanina. Shi ya sa ta ce farin yadi. Shi kuwa maimakon ya tashi su koma gefe, sai ya gyara zama ya ɗaga murya.

"Wane yadi kuma, Inna? Akwatin da ba komai ciki sai tsummokara da kwanonin zamanin da?"

"Na san abin da na ajiye."

"Inna, tsufa ne, Allah ya sa mu ma mu kai. Shekaranjiya ma fa da sunan babana kika kira ni." Ya juya wajen abokansa. "Haka suke farawa. Yau yadi, gobe ta ce an sace mata saniya."

Suka kwashe da dariya. Ƙarya yake yi, ba ta taɓa kiransa da sunan kowa ba. Na buɗe baki zan wanke shi tas, Hajo ta matse mini hannu, muka juyo.

Dariyar nan ba ta tsaya a benci ba. Kafin wani lokaci magana ta zagaye unguwa cewa Hajo ta fara ruɗewa. Yara masu sayen ƙuli-ƙuli suka fara gwada ta. Sannan wata tsohuwa ta rasu a gida na uku daga nata, wadda suka yi zaman shekaru tare, 'ya'yanta suka aika Gyallesu aka ɗauko wata mai wanka. Hajo tana zaune a tsakar gida da mayafinta a kafaɗa tana jiran a aiko, har aka fita da makara.

Wata Juma'a muna zaune a zaurenta, wanda ke kallon ƙofar masallaci, sai ga Sharfaddeen ya fito cikin sabon farin kaftani da wando, yana tafe yana buɗa hannu kamar zakara. Hajo ta kama tsintsiyar hannuna har farcenta ya shige ni. Telan ya bar gefen yadin a tsagar kaftanin, siririn zaren nan shuɗi yana leƙowa duk takun da ya yi. A bayan rigar kuma ga layin ninki ya ɗan yi ruwan ƙwai, irin wanda shekaru ke yi wa yadi, wanda ba dutsen gugar da zai fitar.

Na ce, "Tashi mu je wurin mai unguwa."

"In ce masa me? Farin yadi ya cika kasuwa. Kuma wa zai saurari ruɗaɗɗiya?"

"To ni bari in tare shi in tuɓe shi a titi."

"Zauna, Atika."

A kwanakin ne Sista Edith ta dawo daga Ingila. Mutuniyar Wusasa ce, Kirista, ta yi aikin jinya da karɓar haihuwa har ta yi ritaya, gidanta yana ƙarshen layinmu. Rabin matasan unguwar nan a hannunta suka faɗo. Takan ce wa Hajo, ni nake buɗe musu ƙofa ke kike rufewa. 'Yarta Sarah ce ta haihu a can, ta je zaman jego. Muka tafi yi mata sannu da zuwa, ta kawo shayi, ta ɗauko waya ta fara nuna mana hotuna. Muka ga jariri, muka ga dusar ƙanƙara, sai ga wani ruwa kore shar cikin gini na dutse yana tururi.

Na ce, "Wannan kuma miyar kuka ce suka dafa a kwatami?"

"Ke dai Atika bakinki ba ya hutu. Ruwa ne yake ɓuɓɓugowa daga ƙasa da zafinsa. Mutanen da na ƙasar, ana ce musu Keltawa, tun kafin bishara ta kai musu, sun ce wata allahiya ce mai ruwan. Sulis sunanta."

"Su Turawan? Waɗanda suka zo nan suna yi wa kakanninmu faɗa a kan tsafi?"

"Su ɗin. Ai ba ita kaɗai ba ce."

Ta yi ta tura hotuna da yatsa, wasu na duwatsun da ta gani a gidan ajiyar kayan tarihi, wasu Sarah ce ta tura mata. Ga wani ƙato mai gemu riƙe da ƙafar amalanke, ta ce Taranis ne, shi ke da tsawa da aradu. Ga wata mace zaune a kan goɗiya, ta ce Efona ce mai kula da dawakai da jakuna. Ga wani ya naɗe ƙafa kamar mai jiran tuwo, ƙahon barewa a kansa, ya shaƙe maciji a hannu. Ga wasu mata uku a jere da kwanduna a cinya, ta ce iyaye mata ake ce musu, su ake roƙo haihuwa da albarkar gona. Ta ce kusan kowane rafi da kowane dutse da nasa mai shi.

Na ce, "Wannan ai bori ne da rigar sanyi. Ga Innar bori nan, ga Sarkin Rafi. Garaya kawai suka rasa."

Sista ta yi dariya har ta ƙware. Ta ce in sun ba allolin nan kyauta, ba irin tamu ba ce da za ka ba mutum zane gobe ka zo aro. Takobi sabo za su lanƙwasa shi su jefa a kogi, tukunya su fasa ta, don kada hannun ɗan Adam ya sake amfani da ita.

Duk wannan Hajo tana riƙe da kofi, shayinta ma ya huce. Sai Sista ta nuna wasu 'yan ɓallayen dalma da aka yi wa zane-zane da tsinke.

"Waɗannan daga cikin ruwan Sulis aka tono su. In an yi wa mutum sata, mayafi ko zobe ko safar hannu, ba shi da shaida, ba shi da ƙarfin kai ƙara, sai ya zo bakin ruwan ya ce na ba Sulis mayafina da aka sace. Ya zana a dalma ya jefa."

Na ce, "Ya ba ta abin da ba ya hannunsa? Wannan ai rowa ce."

"A'a, ki gane. Da ya faɗi haka, mayafin ya tashi daga nasa. Ɓarawo yanzu ba talaka ya yi wa sata ba, kayan Sulis ne a jikinsa. Ita za ta bi abinta."

A nan Hajo ta ajiye kofi.

"Sista, me suke cewa?"

"Sukan ce, wanda ya ɗauka, ko mace ko namiji, ko ɗa ko bawa, kada ya sami barci, kada ya sami zama ko kwanciya, sai ya kai kayan ɗakinta."

"Suna kama suna?"

"Sau da yawa ba sa kamawa."

"In ya dawo da shi fa, na wa ne?"

"Wasu rabi suke ba ta, su bar wa kansu rabi. Masu zafin zuciya kuwa duka suke bayarwa." Sista ta dube ta da kyau, don labarin yadin ya riga ya kai mata. "Yaya Hajo, ni fa labari na ba ki. Ni kaina ban yarda da su ba."

"Ni ma Allah ɗaya na sani," in ji Hajo. "Mu tafi, Atika, rana ta yi."

Ba a daɗe ba Naja'atu matar Sharfaddeen ta shigo gidan Hajo da azahar, tana waige-waige. Yarinyar kirki ce, ba ta dace da miji ba ne kawai. Ta durƙusa ta gaishe mu, ta yi ta murza gefen hijabi.

"Inna, na ga yadin. Rabi ya ɗinka, sauran yana cikin durowarsa, wai na babbar riga ne. Zan iya ɗauko miki sauran in ya fita. Amma don Allah a bar maganar a nan. In an tambaya a ce kin gan shi a wani ƙunshin."

"Wato in ce da ma ni na manta."

Naja'atu ta sunkuyar da kai.

Abin da ya rage zai ishi mace ƙarama irin Hajo in an yi dabara wajen yanka. Ni da ita mun san haka, aikinmu ne. Ga abin da ta yi shekaru tana shanyawa ya dawo har ƙofa, ta miƙa hannu kawai. Ta daɗe tana kallon akwatin da ke jingine a bango.

"Tashi ki tafi, 'yar nan, Allah ya yi miki albarka. Kada ki taɓa masa durowa."

Da ta fita na ce, "Kin haukace? Karɓi abinki, sannan mu ci mutuncinsa a hankali."

"In na karɓa, na sa hannu cewa ni ruɗaɗɗiya ce. Ya ci gaba da zama a sahun farko da yadin Alhaji a jikinsa." Ta miƙe. "Ɗauko mayafinki."

Muka sami liman a zaurensa da ɗalibai biyu manya. Dattijo ne mai tsoron Allah, yana kuma tsoron rigima fiye da kima. Hajo ta zauna daga bakin ƙofa.

"Allah gafarta Malam, sadaka na kawo wa masallaci. Ina da likkafani da Alhaji ya tsomo a Zamzam. Na bayar da shi duka saboda Allah, a yi wa baƙin da suka mutu ba su da kowa sutura. Waɗannan bayin Allah su shaida, daga yau ba nawa ba ne."

"Ma sha Allah, Allah ya karɓa. Ina yake?"

"An sace."

Liman ya yi tari. "To ai Hajo, kyauta ba ta cika sai an damƙa ta."

"Shi ya sa na zo. Ku je ku damƙo, kayanku ne."

"Wa kike zargi?"

"Ban zo da sunan kowa ba. Ni tsohuwa ce, an ce na ruɗe. Cigiya kawai za a yi, yadda ake yi in buta ko agogon masallaci ya ɓata. A faɗi kamanninsa, a faɗi ko na su wane ne."

Ya so ya zille, ya ce a bari a bincika a hankali. Na ce, "Allah gafarta Malam, ran da aka ɗauke batirin lasifika sati guda kuna cigiya har da Yasin. Ko matattu ba su kai batir ba?" Ɗaya daga cikin ɗaliban ya rufe baki da hannun riga. Liman ya ce to, ranar Juma'a bayan la'asar, lokacin da masallacin unguwa ya fi cika.

Ba mu gaya masa inda dabarar ta fito ba. Ba mu jefa komai a ruwa ba, ba mu kira sunan kowa ba sai na Allah.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne kada Sharfaddeen ya sa wata rigar. Hajo ta ce farar zai sa, tun da ya ɗinka ta bai tsallake Juma'a ba. Ya kuwa sa, har da sabuwar hula.

Muna zaurenta, ƙofa a ɗan buɗe. Aka sallame, lasifika ta yi ƙara, liman ya gyara murya. Ya ce jama'a a dakata, akwai cigiyar kayan masallaci. Ya ce wata baiwar Allah ta yi sadakar likkafani domin gawar baƙi marasa gata, an tsoma shi a Zamzam, kuma wani ya ɗauke shi. Ya ce fari ne, auduga mai nauyi, da zare shuɗi siriri a gefe, da alamar tsohon ninki. Ya ce duk wanda yake hannunsa, mace ko namiji, babba ko yaro, ya sani haƙƙin matattu ne yake riƙe da shi, ya ji tsoron Allah ya dawo da shi.

Abin da ya faru a ciki Auwal tela ne ya ba matarsa labari, ita ta ba ni. Shi ya ɗinka kaftanin, yana sahu na biyu daidai bayan Sharfaddeen. Ya ce da aka ambaci zare shuɗi bai san lokacin da ya ce innalillahi da ƙarfi ba. Mutane suka waiwayo suka dube shi, suka bi idonsa. Na kusa da Sharfaddeen ta dama ya janye gwiwarsa. Na hagu ma ya matsa.

Fitowar kuwa da idona na gani. Masallacin da ake turereniya wajen neman takalmi, ranar nan hanya aka buɗe masa kamar an fito da makara. Ya fito yana riƙe da tsagar kaftanin da hannu biyu yana son ɓoye zaren, gumi ya jiƙa masa baya har layin ninkin ya ƙara fitowa. Ya miƙa wa wani abokin bencinsa hannu, wannan ya dafa ƙirji daga nesa. Takalmi ɗaya ya samu, ya bar ɗayan. Wani daga baya ya ce, "Allah ya jiƙan rai," aka yi ta ƙunshe dariya. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ji daɗi har cikin ƙashina.

Hajo ba ta yi ko murmushi ba. Ta bi shi da ido har ya sha kwana, sannan ta tura ƙofa ta ce gyaɗarta na kan wuta.

Naja'atu ta ce tun daga zaure ya tuɓe rigar, ya yi wanka ya sake yi, ya ce jikinsa warin kafur yake. Abinci ya ƙi shiga. In ya kwanta sai ya zabura ya ce an ɗaure masa ƙafa. Ba aljani ba ne, ba kowa ba ne, shi da ransa ne. Kafin wata Juma'ar aka tsinci ƙunshi a ƙofar liman, da sauran yadin da kaftanin da wandon. Auwal tela ya warware ɗinkin da hannunsa, bai yarda yaransa su taɓa ba, aka wanke aka ninke.

Liman ya aiko a kira Hajo. Ya ce, "Ga shi Allah ya dawo da shi. Ke ma ai ba ki da kowa. Masallaci yana da ikon ya ba ki sauran, ba wanda zai ce komai."

Na zungure ta. Ta miƙa hannu ta shafa yadin sau ɗaya, ta janye.

"Na riga na bayar, Malam."

A hanya na rufe ta da faɗa. Na ce wannan wane irin taurin kai ne, kin ci nasara kuma kin bar ganima. Ta ce, "In na karɓa, gobe za a ce rigimar gida ce, tsohuwa ta yi borinta an ba ta kayanta, an shirya. Shekara mai zuwa ya koma dama da liman. In yana ƙarƙashin ƙasa a jikin baiwar Allah, har ya mutu shi ne wanda ya sa kayan gawa ya je masallaci." Washegari ta shiga kasuwa ta yanko alawayyo irin na kowa ta sa a akwati.

Bayan an yi girbi wata mata ta faɗi a tashar mota ta Kwangila, ta cika kafin a kai ta asibiti. Ba waya, ba ɗan rakiya, ba wanda ya san daga inda ta taso. Hukuma ta yi cigiya ta gaji ta ba da izinin a binne. Wani direba da ya ji labarin sadakar nan ya ce a kawo ta masallacinmu. Liman bai aika Gyallesu ba, gidan Hajo ya aika.

Matar ba ta kai mu shekaru ba, tafin ƙafarta duk faso, da ragowar lalle a farcenta. Na zuba ruwa, Hajo ta wanke ta a hankali kamar 'yarta. Ta yanka yadin da kanta. Da ta zo naɗewa sai ta tsaya ta ja numfashi, sannan ta ɗaure. Ta sunkuya ta ce wa gawar, "In kin ga Alhaji ki ce ina nan tafe, zai gane ni ko ba yadin." Muka kira maza suka ɗauka.

Sharfaddeen ya bar masallacinmu ya koma yin salla a Hanwa. Labarin ya riga shi isa, ina da 'yar ƙanwa da ke aure a can kuma na kai mata ziyara. Masu sayen fili suka fara tambayar ko wannan ne, in an ce shi ne su ce za su dawo. A unguwa ba mai kiransa da sunansa, Mai Likkafani ake cewa, har yaran da ba su san dalili ba.

Da azumi ya matso, lokacin da kowa ke neman yafiya, ya zo. Ya rame, rigarsa ruwan toka, na lura tun ranar nan bai sake sa fari ba. Ya tarar da mu a tsakar gida Hajo tana matsar mai. Ya tsuguna nesa da turmi.

"Inna, na zo ki yafe mini. Sharrin Shaiɗan ne. Wallahi ban san ko mene ne ba."

"Da ka san yadin sawa ne na tsohuwa, da ya halatta?"

Ya dafa ƙasa, ya sunkuyar da kai.

"Kuma ka ce na ruɗe."

"Na tuba, Inna. Ki yafe mini don darajar Baba Alhaji."

Hajo ta ci gaba da matsa, mai yana tsiyaya a kwano. Ba ta ɗaga kai ba.

"Ni ba ka ɗauki kayana ba, ba ni da yadi. Mai shi tana maƙabarta, kabari na gefen katanga daga gabas. Je ka nemi yafiyarta."

"Inna, wace ce? Ya sunanta?"

"Ba wanda ya sani," in ji Hajo. "Atika, miƙo mini wancan kwanon."